CGPA 2.10 bayan aji ɗaya: da sauran gyara? Kuma laifin wa?

Ɗan Aji Biyu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah waɗanda suka iya lissafin maki su taimaka min. An liƙa mana sakamakon aji ɗaya gaba ɗaya, CGPA ɗina, wato matsakaicin makina na duka kwasa-kwasai, 2.10, ga kari-oba biyu, wato kwasa-kwasan da na faɗi zan maimaita, ɗaya a Lissafi ɗaya a Kemistiri, kowanne nauyinsa yunit 3. Digirin shekara huɗu nake yi. Shin akwai sauran hanyar fita da 2:1, wato babbar daraja ta biyu, ko in haƙura in nemi takardar kawai? Ba wai kare kaina nake ba, amma malamin Lissafin nan sai da zango ya kusa rabi sannan ya fara shigowa, ya zo ya dinga sauri da mu, kuma ba ni kaɗai na faɗi ba, muna da yawa.

Ɗan Sahu:
Wa alaikumus salam. Sannu da shigowa layi, ɗan'uwa. Mu nan mun daɗe a ciki. Malami ya ƙi zuwa aji, kai kuma a ce kai ne ba ka da ƙoƙari.

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam. Samari, bari mu fara da lissafin, maganar laifi ta biyo baya.

A yawancin jami'o'inmu ma'aunin maki 5 ake amfani da shi. 70 zuwa sama A ne, maki 5. 60 zuwa 69 B, maki 4. 50 zuwa 59 C, maki 3. 45 zuwa 49 D, maki 2. 40 zuwa 44 E, maki 1. Ƙasa da 40 kuwa F ne, sifili. Ana ninka makin da yunit ɗin kwas, a tara duka, a raba da jimillar yunit ɗin da ka yi wa rajista. 2:1 tana farawa daga 3.50, 2:2, ƙaramar daraja ta biyu, daga 2.40, daraja ta ɗaya kuma daga 4.50. Ka ga ke nan inda kake tsaye yanzu daraja ta uku ce.

Mu ƙaddara nauyin kowace shekara ɗaya ne. Kafin ka fita da 3.50 sai jimillar shekaru huɗun ta kai 14. Kana da 2.10, saura 11.90 a raba wa shekara uku, wato kusan 3.97 kowace shekara. Ma'ana daga yau har ka gama, B ce mafi ƙarancin abin da za ka riƙa nema, duk C ɗin da ka samu sai ka biya ta da A. Da wuya, amma ana yi, na ga waɗanda suka yi. Daraja ta ɗaya kam ka cire ta daga rai, don sai ka riƙa samun 5.30, kuma babu wannan a ma'auni.

Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan: in ka sake yin irin wannan shekarar a aji biyu, sai ka samu 4.90 a aji uku da aji huɗu kafin ka taɓa 2:1. Bana ce shekarar da za ta raba gardama, ba ajin ƙarshe ba.

Ɗan Aji Biyu:
Allah ya saka da alheri, Malam. To in na sake rubuta kari-oba ɗin na ci A, ai F ɗin ta goge ko?

Malam Mai Alli:
A inda na yi aiki ba ta gogewa, kuma haka tsarin yake a wurare da dama. Yunit ukun da ka faɗi suna nan a cikin abin da ake rabawa da shi, in ka sake rajista a ƙara wasu uku. Ka ci A ka samu maki 15, amma a kan yunit 6, ya zama 2.50 ke nan. Wanda ya lallaɓa ya ci C tun karon farko ya fi ka, shi 3 yake da ita. Ka ɗauko littafin dokokin ɗalibai na sashenku ka duba yadda abin yake a wajenku. Na san da wuya in ka taɓa buɗe shi tun ranar rantsarwa.

Maman 'Yan Biyu:
Ƙanena, tambaya ɗaya. Nawa ka samu a tes na kwasa-kwasan nan biyu?

Ɗan Aji Biyu:
Anti, na Lissafi 9 cikin 40. Na Kemistiri ban rubuta ba. An ɗage shi daga Talata zuwa Asabar da safe, a gurup ɗin WhatsApp na aji aka faɗa daren Juma'a, ni kuma na tafi gida, wayata babu data.

Ɗan Sahu:
To kun ji! A ɗage tes cikin dare, a sanar a waya, sannan a ce yaro ya ɗauki alhaki. Alhakin me?

Ni fa abin da ke ba ni haushi da irin wannan magana ta "ɗalibi shi ke da alhakin karatunsa" shi ne, waɗanda ke faɗarta ba sa son a taɓo ɗaya ɓangaren. Ku je ku leƙa ajin 'yan aji ɗaya na kimiyya. Ɗakin lakca ya cika ya batse, wasu a ƙasa, wasu a taga, makirfo ya lalace ko babu wuta, na baya ba ya jin komai sai motsin bakin malami. A 2020 ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta tafi yajin aiki daga Maris har Disamba. A 2022 ta sake tafiya daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Da aka dawo, wa aka matse don a cike giɓin? Mu. Zango ya gajarce, abin da za a koyar bai ragu ba.

Sannan aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya tashi, jami'o'i da yawa suka ƙara kuɗin rajista. Ni a-daidaita-sahu nake ja daga la'asar zuwa dare, da shi nake biyan kuɗin makaranta, da shi nake kai cefane gida. In na dawo jikina ba ya ɗaukar littafi. Wanda babansa ke turo masa kuɗi duk wata ba zai gane ba. Don haka a daina yi mana wa'azi.

Maman 'Yan Biyu:
Ɗan Sahu, duk abin da ka lissafo gaskiya ne, babu ƙarya ko ɗaya. Yajin aikin 2020 ni ma ya ci ni. Amma ba wa'azi nake yi ba, tambaya nake, kuma ga ta biyu: ƙanena, da ka dawo ranar Litinin ka ji an yi tes, me ka yi?

Ɗan Aji Biyu:
Na tambayi wakilin aji, ya ce malamin ba ya maimaita tes. Shi ke nan na bar maganar.

Maman 'Yan Biyu:
To a nan gizo ke saƙar. Ɗage tes cikin dare ba laifinka ba ne. Amma maki 40 ka bari a kan maganar wakilin aji, wanda shi ma ɗalibi ne irinka. Da ka tara waɗanda abin ya shafa, don na tabbata ba kai kaɗai ba ne, kun rubuta takarda cikin ladabi, kun kai wa malamin, kun ba kodinetan ajinku kwafi. Zai iya ƙi, amma ka gwada. Ka shiga jarrabawa da sifili a tes, sai ka ci 40 cikin 60 kafin ka tsira da E, kuma ko ka cinye duka 60 ɗin ba za ka ga A ba. Wanda ya shiga da 28 kuwa maki 12 kawai yake nema ya wuce.

Ni da goyo na yi aji uku da aji huɗu, ga girki ga miji ga dangin miji. Ban fi kowa ƙwaƙwalwa ba. Abin da na gane da wuri shi ne jami'a ba sakandare ba ce. A sakandare in ba ka zo ba akwai mai kiran sunanka, akwai bulala, akwai mai aika wa babanka. A jami'a ko wata guda ka yi ba ka leƙo ba, babu mai cigiyarka, sai dai ranar liƙa sakamako ka ga lambarka da F a gabanta. Saboda haka na samu ƙawaye biyu muka yi yarjejeniya, duk sanarwar da ta fito sai an kira ni a waya, ba a dogara da gurup ba. Kuma duk ranar da na shiga makaranta sai na bi ta allon sanarwa na sashe, ko da yaro na kuka a bayana.

Sarkin Kujerar Baya:
Ku dai kuna wahalar da kanku. Mako biyu kafin jarrabawa a haɗa tsofaffin tambayoyi, a sayi kofi, a yi karatun kwana a aji har asuba. Atendans kuwa akwai mutumina da ke sa min hannu. Da haka muka kawo aji uku, kuma ba mu mutu ba 😂

Maman 'Yan Biyu:
CGPA nawa, ranka ya daɗe?

Sarkin Kujerar Baya:
Anti, wannan kuma sirri ne tsakanina da Ubangijina.

Baban Yara:
Salamu alaikum. Ni ba ɗalibi ba ne, uba ne, yarana biyu suna jami'a. Wannan dariyar da kuke yi mu ba ta ba mu dariya. Akwai ɗan maƙwabcina, shekara huɗu ana ba shi kuɗin makaranta, uwarsa har ta fara shirin walima, sai aka ji wai yana da sauran shekara. Aka sake biya. Shekara ta zagayo, aka ce da saura. Ashe tun aji biyu yake jan kwasa-kwasai, bai faɗa wa kowa ba. Malam, ina so ka yi mana bayani, har tsawon wane lokaci jami'a ke haƙuri da yaro? Kuma ta yaya uba zai san gaskiyar halin da ɗansa ke ciki, tunda ba a aiko mana da sakamako gida?

Malam Mai Alli:
Alhaji, barka da zuwa. A ƙa'idar da aka fi bi, digirin shekara huɗu ba ya wuce shekara shida, na shekara biyar kuma ana ƙara masa gwargwadon haka. In wa'adin ya cika yaro bai kammala ba, an sallame shi, ko da kwas ɗaya ya rage. Kafin nan ma akwai gargaɗi: wanda CGPA ɗinsa ya faɗi ƙasa da iyakar da jami'a ta sa, galibi 1.00, wasu wuraren 1.50, ana sa shi a matakin gwaji, in bai farfaɗo ba a ce ya canza sashe ko ya tafi. Ga kuma hidimar ƙasa: wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya kammala ba ya tafiya NYSC, takardar yafewa ake ba shi. Yaron da ya shigo a makare, yajin aiki ya ci masa shekara, sifil-oba, wato ƙarin shekara saboda kwasa-kwasan da ya faɗi, ta ci wata, sai ya tsinci kansa a nan.

Game da sanin gaskiya, kada ka tambaye shi "yaya karatu", don amsar "alhamdu lillahi" ce kullum. Ka ce ya buɗe maka shafinsa na fotal a gabanka, ko ya kawo takardar sakamako mai hatimin sashe. Amma Alhaji, in ya nuna maka F kada ka rufe shi da faɗa. Yawancin masu ɓoyewa tsoron gida ne ya sa su.

Kai kuma Sarkin Baya, dokar halartar kashi 75 cikin 100 na lakcoci kafin a shiga jarrabawa tana rubuce a littattafan jami'o'i da yawa. Don malamai ba sa tsanantawa ba ya nufin ta mutu. Ranar da ka gamu da mai ƙirga kawuna ya gwada da sa hannu, kai da mutumin naka za ku yi bayani a gaban kwamiti.

Bari in faɗi abin da ya fi damuna, don na riƙe kodinetan aji na wasu shekaru. Ɗaliban da na ga sun ƙara shekara, da yawansu ba daƙiƙai ba ne, takarda ce ta kayar da su. Wani ya faɗi kwas a aji ɗaya bai sake yi masa rajista ba, yana zaton an manta, sai a ajin ƙarshe lokacin tantancewa ya fito. Wani ya yi rajistar kwas da lamba ɗaya ya je ya rubuta jarrabawar wata lambar. Wani sakamakonsa bai fito ba, maimakon ya rubuta ƙorafi a makon, ya bari sai bayan shekara biyu, lokacin malamin ya tafi ƙaro karatu waje, takardun amsa kuma an kwashe su zuwa sito. Wani bai cike yawan yunit ɗin da ake bukata kafin a yaye shi ba saboda ya tsallake kwas ɗin zaɓi guda ɗaya. Duk waɗannan babu ruwansu da cunkoson aji ko rashin wuta. Ka samu fayil ɗaya, ka zuba fom ɗin rajistar kowane zango mai sa hannu, rasit, katin jarrabawa, takardun tes da aka dawo maka da su. Ka ɗauki hotonsu kuma ka aje. Ranar da aka ce ba ka rubuta ba, wannan fayil ɗin ne zai yi magana.

Ɗan Sahu:
Malam, da girmamawa, amma ka lura duk misalanka ɗalibi ne mai laifi? Wa ya ɓatar da sakamakon tun farko? Laifi tudu ne, Malam.

Malam Mai Alli:
Ban musa ba, kuma ba zan kare abin da bai cancanci kariya ba. A cikinmu akwai wanda ba ya zuwa aji sai jarrabawa ta gabato. Akwai mai tilasta sayen handawut. Akwai mai ɓatar da takardar yaro ya ƙi amsa laifi. Duk na gani. Abin da nake cewa shi ne, ko laifin malami ne ɗari bisa ɗari, sunan da ke kan sakamakon naka ne, kuma malamin ba zai bi maka sawu ba. Akwai hanya: wakilin aji, kodineta, jami'in jarrabawa na sashe, shugaban sashe, shugaban tsangaya. Malamin da bai shigo ba har mako uku, a lokacin ya kamata aji ya kai magana ga shugaban sashe, ba bayan an faɗi ba. Akwai kuma damar neman a sake duba takardar jarrabawa, ana biyan kuɗi a cike fom.

Ɗan Sahu:
Wa zai nemi a sake duba takarda alhali malamin nan zai sake koyar da shi a aji uku, wataƙila ma shi za a ba shi ya duba masa furojet? Malam, a rubuce hanya ce, a aikace rami ne.

Malam Mai Alli:
Shi ya sa na ce aji, ban ce mutum ɗaya ba. Ƙorafin mutum ɗaya ana iya riƙe shi a zuci. Takarda mai sa hannun mutum hamsin, wadda ba ta zagi kowa ba, ta ce kawai "ba a yi mana lakca ba daga rana kaza zuwa rana kaza", da wuya a bi kowa a rama. Amma na yarda tsoron da ka faɗa ba ƙirƙira ba ce.

'Yar Hostal:
Tun ɗazu nake karantawa ban yi magana ba. Ina so a tuna da mu mata. Akwai yarinyar da ke zuwa aji, tana rubuta tes, tana aje takardunta tsaf, amma ta faɗi saboda ta ƙi zuwa ofis ita kaɗai bayan magariba. In aka ce mata "ki ɗauki alhakin karatunki" an ƙara mata ciwo ne. Kuma in ta faɗa a gida, abu na farko da za a ce shi ne ta bar makarantar.

Maman 'Yan Biyu:
Ƙanwata, wannan daban ne, kuma babu mai hankalin da zai ɗora mata laifi. Abin da zan ce wa duk wadda ta shiga irin wannan: kada ta goge saƙo ko ɗaya, kada ta je ofis ita kaɗai, kuma ta nemi malama mace da ta yarda da ita a tsangayar ta faɗa mata tun kafin jarrabawa.

Malam Mai Alli:
Haka ne. Kuma ba a makaranta kaɗai maganar ke tsayawa ba. A Disambar 2018 babbar kotun tarayya da ke Osogbo ta ɗaure wani farfesa shekara biyu kan neman ɗaliba don ya ba ta maki, hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci ce ta gurfanar da shi. Muryarsa da aka naɗa a waya ce ta tona shi. Wannan ba sakacin ɗaliba ba ne, laifi ne na mai laifi, kuma kada a cakuɗa shi da maganar wanda ya ƙi zuwa aji.

Na Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan tsarin LMD muke bi, wato digirin farko, na biyu da na dakta. Digirin farko shekara uku, kiredi 30, abin da kuke kira yunit, kowane zango, 180 gaba ɗaya. Maki a kan 20 ake ba mu, 10 ce tsira. Wanda ya faɗi yana da zama na biyu, a sake rubutawa, ba sai ya jira shekara ta zagayo ba. Amma kada ku yi zaton hakan ya gyara halin ɗalibai. Akwai masu shiga zaman farko ba shiri suna cewa ai akwai na biyu, sai na biyun ma ya zo ya same su yadda na farko ya bar su. Jinkirin shekarar karatu da yajin aiki kuwa mu ma mun san su sarai.

Ɗan Aji Biyu:
Akwai abin da ban faɗa ba. Makarantar gwamnati na yi a ƙauye. Wallahi wani lokacin ina zaune a gaba, ina jin malami sarai, amma Turancin ne ke wuce ni. Kafin in fassara jimla ɗaya a kaina ya yi uku. Kunya kuma ba ta bari in ɗaga hannu, kada 'yan makarantun kuɗi su yi min dariya.

Maman 'Yan Biyu:
To da wannan ka fara, ai da an daɗe da ba ka amsa. Rabin ajin da ke gyaɗa kai su ma haka suke, ba sa faɗa ne kawai. Ga abin da ya yi min aiki. Kafin lakca ka karanta babin ko sau ɗaya, ko ba ka gane ba, don kalmomin su zama ba baƙi ba ne a kunnenka. Bayan lakca, a ranar, ba gobe ba, ku zauna ku uku ko huɗu, ɗaya ya yi wa sauran bayani da Hausa har kowa ya gane, sannan kowa ya rufe littafi ya rubuta da Turancinsa. Rubutawar nan ita ce aikin, don a ɗakin jarrabawa babu Hausa. Kada ku wuce mutum huɗu, daga biyar ya zama majalisa.

Sannan ka nemi tutoriyal. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN da ƙungiyoyin sassa sukan shirya wa 'yan aji ɗaya, 'yan gaba da ku ne ke koyarwa, kuma a can za ka yi tambaya ba kunya. Tunda kari-oba gare ka, ka sauke girman kai ka zauna da sababbin.

Malam Mai Alli:
In ƙara a kan na Hajiya. Lissafi ba a karanta shi, yin sa ake yi. Wanda ya samu 9 cikin 40 a tes, tes ɗin ya riga ya gaya masa abin da jarrabawa za ta ce, saura makonni. A lokacin ake zuwa ofishin malami ko wajen mataimakinsa da takardar a hannu a ce "nuna min inda na kauce". Ba na tuna ranar da na kori ɗalibin da ya zo min da tambayar da ya riga ya gwada warwarewa. Waɗanda ke gajiyar da mu su ne masu zuwa bayan an liƙa sakamako suna cewa "Malam a taimaka".

Baban Yara:
Ɗan Sahu, ɗana, maganarka ta tsaya min a rai. Ka nemi bashin karatun nan na gwamnati kuwa?

Ɗan Sahu:
Baba, NELFUND kake nufi? Ina jin tsoron bashi. Kuma naira 20,000 a wata me za ta yi wa mai ciyar da gida?

Malam Mai Alli:
Ba za ta ciyar da gida ba, gaskiya ne. Amma su biya kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, su ba ka 20,000 ɗin, babu kuɗin ruwa, kuma biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Tun Mayun 2024 aka buɗe shafin nema. In hakan zai sa ka ajiye babur kwana biyu a mako ka yi karatu, ka auna. Shawara ce, kai ka san nauyin da ke kanka.

Akwai kuma abu biyu da masu aiki irinka ba sa amfani da su. Na farko, ba dole ba ne ka cika yunit har iyaka. Galibi mafi ƙaranci 15 ne a zango, mafi yawa 24. Mai jan a-daidaita har dare da ya ɗauki 24 ya faɗi uku, gara ya ɗauki abin da zai iya, ko da zai ƙara zango ɗaya da saninsa. Na biyu, in shekara ta zo da abin da ya fi ƙarfinka, rashin lafiya ko rashin kuɗi, ana rubuta takardar jingine karatu, a amince, ka dawo baɗi ba tare da F ko ɗaya ba. Wanda ya ɓace ba takarda kuwa, in ya riga ya yi rajista, duk kwasa-kwasan F za su zama.

Ɗan Sahu:
Na jingine karatu ban san da shi ba, da na sani bara da na yi. Amma Malam har yanzu ina nan a kan bakana. Ku kuna koya mana yadda za mu lallaɓa mu tsira a cikin tsarin da ya lalace, ba wanda ke maganar gyara shi. In kowa ya iya lallaɓawa, ba ranar da za a gyara.

Maman 'Yan Biyu:
A gyara mana, wa ya ƙi? Amma yaron nan rajistarsa za a rufe kafin a gyara makirfo.

Ɗan Aji Biyu:
Gaskiya ne Anti, mako mai zuwa za a rufe. Malam, ga matsala: na duba jadawali, lakcar Lissafin da zan maimaita ta ci karo da wani kwas na dole na aji biyu, duka Laraba ƙarfe takwas. Wanne zan bari?

Malam Mai Alli:
Kari-oba ake fara sawa a fom, sannan a cike da na aji biyu har inda yunit ya tsaya, haka dokar take a yawancin wurare. Kada ka yanke hukunci kai kaɗai, kuma kada ka tambayi wakilin aji. Ka buga fom ɗin, ka ɗauki jadawalin da sakamakonka, ka je wajen kodinetan aji biyu gobe da safe kafin layi ya yi tsawo. Ka tambaye shi ko Lissafin yana da rukuni fiye da ɗaya, don manyan kwasa-kwasan aji ɗaya sau da yawa ana raba su, sai ka koma rukunin da bai ci karo ba. In babu, ka tambaye shi ko kwas ɗin aji biyun sharaɗi ne ga wani na aji uku, don wannan ne zai nuna wanda za a iya ɗagawa. Ka kuma sa ya duba maka jadawalin jarrabawa idan ya fito, karon da ya fi haɗari ke nan.

Sarkin Kujerar Baya:
Malam, in mutum yana da kari-oba tun ta aji ɗaya bai sake yi mata rajista ba, kuma yanzu yana aji uku, wajen wane kodineta zai je? Wani abokina ne ke tambaya.

Malam Mai Alli:
Ka ce wa abokin naka na aji uku, kuma ya taho da duk fom ɗinsa tun na zangon farko.